Yadda Ake Gasa Pretzel, Burodin Jamusawa Mai Ƙulli, da Inda Ya Samo Asali

Pretzel burodi ne da ake murza kwaɓinsa ya yi tsawo, a harɗe bakinsa biyu a manna su a jikinsa, ya fito da ƙofofi uku. Bayansa ja ne mai duhu, yana sheƙi, da tsakuwoyin gishiri a warwatse a kai. Idan aka ɓalla shi kuma, cikinsa fari ne tas, mai ɗan danƙo a haƙori. Jamusawa suna ce masa Brezel. A kudancin ƙasarsu, musamman Bavariya da yankin Stuttgart, abincin kullum ne: da shi ake karyawa, shi ake miƙa wa yaro a hanya, shi ma'aikaci ke saya a tashar jirgin ƙasa.

Wanda ya fara ganinsa yakan ɗauka ƙullin nan ne aikin. Ƙullin kuwa hannu yana saba masa tun a kwaɓin farko. Abin da ya raba pretzel da sauran burodi shi ne wankan da ake yi masa a ruwan soda kafin ya shiga wuta. A nan launinsa yake, a nan ƙamshinsa yake. Wanda ya tsallake wannan wankan burodi kawai ya gasa, ko da ƙullinsa ya fi na kowa kyau.

Daga ina ya fito

Labarin da ya fi yawo shi ne wai wani malamin coci a Italiya, wajen shekarar 610, ya ƙulla ragowar kwaɓi da siffar hannuwan mai addu'a da ya harɗe su a ƙirji, yana ba yaran da suka haddace karatunsu. Labari ne mai daɗin ji, amma babu rubutu daga wancan zamani da ya goyi bayansa. Mutanen garin Bad Urach a Suwabiya, wato yankin Stuttgart ɗin nan, su ma suna da nasu: wai wani mai gasa burodi ya yi wa sarkin garin laifi, aka ce ba za a bar shi da rai ba sai ya kawo burodin da rana za ta leƙo ta cikinsa sau uku. Wannan ma almara ce.

Abin da ya tabbata ya fara ne daga ƙarni na 12. A lokacin wata shugabar gidan mata masu ibada a yankin Alsas, mai suna Herrad ta Landsberg, ta haɗa wani babban littafi mai zane-zane, Hortus deliciarum. A ɗaya daga cikin zanen an nuna teburin walimar sarki, ga pretzel a kai da siffarsa da muka sani yau. Ainihin littafin ya ƙone a Strasbourg a yaƙin 1870, amma an riga an kwafi zanensa kafin nan. Tun wajen wannan zamani ne ƙungiyoyin masu gasa burodi a ƙasashen Jamusawa suka ɗauki pretzel ya zama tambarinsu, kuma har gobe za a ga babban pretzel na ƙarfe ko na katako a rataye a ƙofar gidan burodi.

Azumin Kiristoci na kwana 40 kafin Ista ya taimaka ƙwarai wajen yaɗuwarsa. A da, cocin Katolika yana hana cin nama da ƙwai da madara da kitse a waɗannan kwanaki, shi kuwa pretzel na wancan lokaci fulawa ne da ruwa da gishiri, ba ya karya doka. A Luxembourg har yanzu akwai wata Lahadi a tsakiyar azumin da saurayi ke kai wa budurwarsa pretzel, idan ta amince da shi sai ta rama masa da ƙwai ranar Ista.

Wa ya fara tsoma shi a soda? Mutanen Munik, babban birnin Bavariya, suna cewa a 1839 ne wani mai gashi ya shafa wa pretzel ruwan wanke farantan gashi a maimakon ruwan sukari, sai ga shi ya fito ja mai daɗi. Mutanen Suwabiya ba su yarda ba, suna cewa sun riga su. Gardamar ba ta mutu ba, kuma ana ganinta a jikin burodin kansa. Na Suwabiya hannuwansa sirara ne masu ƙaras-ƙaras, gindinsa ƙato, ana tsaga shi da wuƙa kafin gashi, kitsensa ma ya fi yawa. Na Bavariya hannuwansa masu kauri ne, ba a tsaga shi, ana barinsa ya dare da kansa a wuta. A 2014 Tarayyar Turai ta yi wa na Bavariya rajista, ta yadda ba wanda zai sayar da nasa da wannan suna sai an yi shi a can.

Amurka kuwa Jamusawa 'yan ƙaura ne suka kai shi, waɗanda suka zauna a jihar Pensilvaniya tun ƙarni na 18. A 1861 Julius Sturgis ya buɗe gidan gasa busasshen pretzel na sayarwa a garin Lititz, kuma gidan yana nan har yau, baƙi suna zuwa ana koya musu ƙulli. Busasshen ya fi mai laushi jure ajiya da tafiya, shi ya sa ya cika kantuna a leda, balle da aka ƙera injin ƙulla shi a garin Reading a 1935. Mai laushin bai ɓace ba. A Filadelfiya a bakin titi ake sayar da shi, a jere manne da juna, ana lakuta masa mastad. Mai laushin nan za mu yi.

Abu ɗaya da ya kamata Musulmi mai tafiya Jamus ya sani: wasu gidajen burodi na gargajiya, musamman a Suwabiya, da man alade suke kwaɓa nasu. A tambaya kafin a saya. A gida bota ce za ta tsaya a madadinsa, kuma ba abin da zai ragu.

Ruwan wankan

Gidajen burodi a Jamus suna amfani da kostik soda mai tsabta wadda aka tace don abinci, giram 30 zuwa 40 a litar ruwan sanyi. Kaifinta yana narkar da fatar kwaɓin ta waje kaɗan, sai zafin wuta ya samu hanyar haɗa sukari da furotin ɗin fulawa cikin sauri, bayan ya yi ja tun kafin cikin ya bushe. A cikin oben ɗin sodar tana sauyawa ta zama sinadari mai sauƙi da ba ya cutarwa.

Uwargida, don Allah kada ki ce za ki gwada da sodar da ake sayarwa a kasuwa don haɗa sabulu. Asalin sinadarin ɗaya ne, amma ba a tace ta don ci ba, kuma ko mai tsabtar tana ƙona fata, tana iya makantar da ido. Gidan da yara ke shiga madafa ba wurinta ba ne.

Akwai hanya mai lafiya da ke kai mu kusa sosai. A samu bekin soda, a gasa ta. A lura, bekin soda na ce, ba bekin hoda ta kek ba. Ita hodar an riga an haɗa ta da abu mai tsami, ba za ta yi wannan aiki ba ko an juye gwangwani guda. Ki auna bekin soda giram 100, ki baza a farantin gashi, ki saka a oben mai zafin digiri 130 zuwa 150 na awa ɗaya. Ruwa da iska za su fita daga jikinta, nauyinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ta koma wani sinadari da ya fi ta kaifi nesa ba kusa ba. A ma'aunin pH, wanda ke nuna kaifin irin waɗannan sinadarai, bekin soda tana wajen 8, gasasshiyar tana wajen 11, kostik soda kuma 13 zuwa 14. A ido ba za ki ga wani bambanci ba, fari ne dai kamar da, amma kada ki dama ta da hannu, kada ki shaƙi ƙurarta. Idan ta huce ki zuba a kwalba mai murfi, don tana shan danshin iska. Ana iya yin wannan tun kwanaki kafin ranar gashi.

Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a tukunyar wake ta ga ya yi laushi ya yi ja, ta riga ta san wannan aiki. Kanwa dangin waɗannan sinadarai ce, akwai bekin soda a cikinta, akwai kuma irin gasasshiyar. Ruwan kanwa da aka jiƙa ya kwana aka tace zai ba da launi. Matsalarsa ita ce ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, ga yashi da ƙasa. Mai son bin wannan hanya ta fara tsoma guda ɗaya ta gasa ta ɗanɗana, kafin ta saka sauran. A ganina, a karon farko gara a bi abin da ake iya aunawa.

Kayan haɗi, na guda 8

- Fulawa giram 500, wajen kofin awo 4. Ta burodi mai ƙarfi ta fi.
- Ruwa mililita 280 zuwa 300
- Yis na gari giram 7, ƙaramin cokali 2 a ɗan cike
- Gishiri giram 10
- Sukari babban cokali 1
- Bota mai laushi giram 30
- Gasasshiyar soda, duk abin da giram 100 ɗin ya bayar, da ruwa lita ɗaya da rabi
- Gishiri mai tsakuwa na barbaɗawa, ko riɗi

Kwaɓi

Ki haɗa fulawa da yis da sukari da gishiri a roba, ki juya. Ki zuba ruwa mililita 280 tukuna, ki saka bota, ki fara haɗawa. Idan lokacin zafi ne ruwan randa ko na firij za ki yi amfani da shi, ba mai ɗumi ba, domin kwaɓin da ya tashi da gaggawa yakan yi laushi ya ƙi riƙe siffa.

Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin. Kwaɓin zai yi miki tauri a hannu, zuciyarki ta ce a ƙara ruwa. Ki daure. Kwaɓin pretzel ya fi kusa da na cincin a kan na fanke, haka ake son sa. Sai idan kin murza minti biyu kin ga har yanzu akwai busasshen gari a gindin roba, sannan ki ƙara ruwa cokali ɗaya-ɗaya. Ki juye a kan tebur mai tsabta ba tare da barbaɗa fulawa ba, ki murza da tudun hannu na minti 10 cif. Alamar ya yi ita ce ya zama sumul, ba ya kama hannu, idan kin danna da yatsa ya dawo a hankali.

Ki mayar a roba ki rufe. A zafin bazara minti 30 zuwa 40 sun isa, a sanyin hunturu ki ba shi awa ɗaya. Ba sai ya ninka biyu ba, ya ɗan kumbura dai.

Murzawa da ƙulli

Ki raba gida 8, kowanne zai kai giram 100 da 'yan kai. Ki danne kowane yanki ki fitar da iskar, ki naɗe shi ya zama gajeren sanda mai tsawon tafin hannu. Ki rufe su da kyalle mai ɗan danshi, su huta minti 10. Hutun nan ba ɓata lokaci ba ne. Kwaɓin da bai huta ba, kina ja yana komawa, ƙarshe ya tsinke.

Ki ɗauki ɗaya, ki ɗora tafukan hannu biyu a kusa da tsakiyarsa, ki riƙa murzawa gaba da baya kina buɗa hannuwan zuwa gefe. Tsakiyar ki bar ta da kaurinta, wajen yatsu biyu a haɗe, gefen kuma ya riƙa sirancewa har ya kusa kaurin fensir, amma can ƙarshen baki ki bar ɗan kumburi, shi za ki manna. Tsawon da ake nema santimita 55 zuwa 60 ne. Ki auna na farko da abin awo, za ki ga ya fi yadda ido ke zato tsawo. Gajere yakan kumbura ya toshe ƙofofin nan uku. Idan yana zamewa a tebur ya ƙi murzuwa, ki jiƙa tafinki da ɗigon ruwa. Idan ya tsaya a santimita 40 ya ƙi gaba, ki ajiye shi ki kama na biyu, kafin ki dawo ya saki.

Ƙullin kuma ga shi. Ki lanƙwasa shi ya yi siffar harafin U, gindin mai kauri yana wajenki, bakin biyu suna nesa. Ki kama bakin biyu ki gicciya su, na dama ya koma hagu. Ki sake murɗa su sau ɗaya a wuri guda, ya zama harɗe biyu ke nan. Sai ki jawo bakin zuwa gare ki, ki ɗora su a kan kafaɗun gindin, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ki danna sosai da babban yatsa. Ɗan ruwa a wurin yana taimakawa, don bakin da bai kama ba a tukunya yake kwancewa. Ki sa yatsu ki buɗa ƙofofin su yi faɗi fiye da yadda kike so su ƙare. Masu sana'ar a Jamus a iska suke wurga shi ya harɗe da kansa cikin daƙiƙa ɗaya, amma na kan tebur da na iska ɗanɗanonsu ɗaya.

Ki jera su a faranti mai takardar gashi da aka shafa wa mai, su yi minti 15 zuwa 20 a rufe. Daga nan ki buɗe su, ki saka a firij a buɗe na minti 30 zuwa awa ɗaya. Sanyin yana ƙarfafa su ki iya ɗauka ba su lanƙwashe ba, fatar da ta ɗan bushe kuma ita ke ba da sheƙi. Idan babu wuta, ki ajiye su a buɗe inda iska ke kaɗawa na minti 15. Da iskar hunturu ma ba za su kai haka ba.

Wanka

Tun kafin ki fito da su ki kunna oben a digiri 220 zuwa 230, ya yi zafi sosai.

Tukunyar da za ki yi wankan a ciki ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ko mai fenti a ciki. Kada ki yi a tukunyar dalma ko ta alminiyam, soda tana cin su, ta baƙanta tukunyar, ta ba burodin ɗanɗanon ƙarfe. Haka ma farantin gashi, idan na alminiyam ne lallai takarda ta shiga tsakani.

Ki zuba ruwa lita ɗaya da rabi, ki zuba gasasshiyar soda tun ruwan bai tafasa ba, ki juya da cokali ta narke. Idan ya tafaso ki rage wuta ya koma yana ɗan motsi kawai. Ki ɗauki pretzel ɗaya ko biyu ki saka a hankali, fuskarsa ƙasa. Daƙiƙa 15, ki juya, wata 15, ki tsame da matsami mai faɗi. Za ki ga ya ɗan kumbura, ya koma ruwan ɗorawa-ɗorawa, jikinsa da santsi. Kada ki bar shi ya wuce rabin minti da tunanin zai fi ja. Abin da zai ƙaru ɗaci ne da ɗanɗanon sabulu. Ki bar ruwan ya tsiyaye sosai a matsamin kafin ki ajiye, domin ruwan da ya taru a ƙarƙashinsa shi ke manna shi da takarda.

Wadda ba ta samu damar gasa sodar ba tana iya zuba ɗanyar bekin soda giram 100 a ruwa lita ɗaya da rabi ta tafasa, tafasar ma tana ƙara mata kaifi. Sai dai a zuba kaɗan-kaɗan, don tana kumfa ta yi ambaliya, kuma launin zai tsaya a ruwan zuma, ba zai kai ja mai duhu ba.

Gashi

Da zarar kin ajiye shi, tun yana da danshi, ki barbaɗa gishiri mai tsakuwa, ki fi yawaitawa a gindin. Gishirin gari ba ya yi, narkewa yake ya bar tabo. Idan mai tsakuwar bai samu ba, riɗi ya fi miki. In kina son irin na Suwabiya, ki sa reza ko wuƙa mai kaifi ki ja tsaga ɗaya a tsawon gindin, zurfin rabin santimita. A wuta tsagar za ta buɗe, farin ciki ya bayyana a tsakiyar jan, kuma ni dai wannan ne na fi so a ido da baki.

Kada su jira. Daga wanka sai wuta, minti 12 zuwa 15, ki juya farantin a tsakiyar lokacin idan oben ɗinki yana cin gefe ɗaya. Za ki ga sun yi launin da burodi ke fita da shi tun a minti na 8 ko 9, hannunki ya yi ƙaiƙayin cirewa. Ki ƙara musu. Ana so su yi ja sosai, su doshi launin dabino. Rabin daɗin pretzel a wannan ɓawon yake. Mai amfani da oben na gawayi ta tabbatar akwai garwashi sama da ƙasa kuma ya kama da kyau. Gashin tukunya da yashi da ake yi wa kek ba ya ba da zafin sama da wannan burodi ke bukata, zai nuna amma ba zai yi launi ba.

Ki cire su daga takarda tun da zafinsu, ki ɗora a kan raga su sha iska minti 10.

Idan sun fito fari-fari, ko ruwan wankan bai yi ƙarfi ba ko wutar ta yi sanyi. Idan fatarsu ta yi yamutse sun kwanta, sun wuce lokaci wajen tashi kafin wanka, a rage lokacin a gaba. Idan cikin ya yi tauri ƙwarai, an daɗe a wuta marar ƙarfi, domin wuta mai zafi da gajeren lokaci ita ke barin ciki da laushi.

A Bavariya da Suwabiya ana tsaga gindin a kwance a shafa bota mai sanyi da kauri, kuma da wuya a samu abin da ya fi wannan. Amurkawa suna ci da mastad ko narkakken cuku, wasu kuma su bar gishirin, su shafa narkakkiyar bota bayan gashi, su barbaɗa sukari da kirfa. Da shayi mai madara ma yana tafiya sosai.

Pretzel ɗan yini ɗaya ne. Kada ki ɗaure shi a leda, musamman da damina, gishirin zai jawo danshi ya narke, ɓawon ya yi laushi ya yamutse. Wanda za a ci a ranar a rufe shi da kyalle. Wanda za a ajiye a gasa shi ba gishiri, idan ya huce a saka a firiza. Ranar da za a ci a shafa masa ɗan ruwa, a barbaɗa gishirin, a mayar a oben mai digiri 180 na minti 5 zuwa 7.